Wasan zamiya da allo kan dusar ƙanƙara: daga ina ya fito, kuma me ya sa 'yan wasansa suka fita daban a Olamfik?

Assalamu alaikum ƙanena, na ga tambayarka tun shekaranjiya wallahi aiki ne ya sha min kai, a yi haƙuri. Ka ce ka kalli gasar Olamfik ta lokacin sanyi a waya, ka ga masu zamiya da allo guda kan dusar ƙanƙara, wanda ake ce wa sinobod, kuma abu uku sun ɗaure maka kai: wai daga ina wasan ya fito, da me alƙalai suke ba da maki tunda kai dai alkafura kawai ka gani a sama, sannan me ya sa wanda aka kayar yake rugowa ya rungume wanda ya kayar da shi yana ihu kamar shi ya ci. Toh duk ukun tushensu ɗaya ne. Wasa ne da yara marasa jin magana suka raina, manya suka kore su, da aka ga akwai kuɗi a ciki manyan suka dawo suka ce ai nasu ne, kuma har yau rigimar ba ta mutu ba.

Ni dai ba zakara ba ne kar ka ɗauka, amma na yi hunturu shida a Kanada lokacin karatu, huɗu daga ciki ina aiki a wani shagon hayar kayan zamiya a gindin dutse ina gyaran alluna, ranakun gasar yara kuma ina cikin masu tsayawa gefen fili da tuta da shebur. Allon nan katako ne a ciki, ƙasansa roba mai santsi, gefensa biyu ƙarfe ne mai kaifi, ƙafafunka biyu a ɗaure suke a kai kana tsaye a karkace, ba sanda a hannu ba birki. Birkinka kawai wannan kaifin ne, ko ka danna yatsun ƙafa ko ka danna dunduniya. Mai sa ƙafar hagu a gaba ana ce masa regula, mai sa dama gufi, mu a shago in baƙo bai san nasa ba sai mu ɗan tura shi ta baya ba zato, ƙafar da ya fara jefawa ita ce ta gaba. Da daddare mu narka kaki da dutsen guga mu ɗiga a cikin allon mu bi shi kamar ana gugar shadda, in ya huce mu kankare. Ranar da na fara hawa kaifin da ke kallon gangare ya cafki ƙanƙara, ban san sanda bayana ya daki ƙasa ba, sati guda na yi ina sallah a zaune. Duk wanda ka gani yana shawagi a talabijin ta nan ya bi.

Asalin abin, in ka bar mutanen wani ƙauye da ake kira Petran a duwatsun Turkiyya waɗanda tun kaka da kakanni suke zamiya a tsaye kan katako, wasan da muka sani yau a Amurka aka haife shi. Ranar Kirsimeti ta 1965 a garin Muskegon na jihar Mishigan wani injiniya Sherman Poppen yaransa mata sun ishi gida da ƙiriniya ga matarsa da tsohon ciki, sai ya ɗauko katakon siki guda biyu, irin dogayen nan da ake sa ɗaya a kowace ƙafa, ya haɗe su wuri ɗaya ya ce su je tudun bayan gida su hau a tsaye. Matarsa ce ta laƙaba wa abin suna Snurfer, ta haɗa kalmar dusar ƙanƙara da ta hawan igiyar teku. Kamfanin Brunswick ya karɓa ya dinga bugawa, aka sa igiya a hancin allon kamar linzami, aka sayar da dubban ɗaruruwa, amma fa a matsayin kayan wasan yara. Ba maɗaurin ƙafa ba komai, in ka faɗi allon ya yi gaba abinsa ka bi shi da gudu.

Cikin yaran da suka tashi da wannan abin akwai Jake Burton Carpenter, wanda a 1977 ya bar aiki a New York ya koma wani ƙauye a jihar Vermont yana sassaƙa alluna da hannu, ya sa musu maɗaurin ƙafa. A 1979 ya je gasar Snurfer a Mishigan da nasa allon, sauran 'yan wasa suka ce ba su yarda ba wannan ai ba Snurfer ba ne, ƙarshe aka buɗe masa rukuni na daban, shi kaɗai ne a ciki, ya kuma zo na ɗaya. Abin dariya, amma daga nan ake ƙirga gasar sinobod. Can yamma kuma a Kalifoniya akwai Tom Sims, ɗan siketbod wato allon nan mai tayoyi, wanda tun 1963 yana ɗan makaranta ya haɗa nasa allon a ajin kafinta, ga kuma Dimitrije Milovich a Utah da allonsa Winterstick. A wancan lokacin Burton da Sims ba sa ga maciji, kowa na cewa shi ne uban wasan, kuma bambancinsu ba na kasuwa kaɗai ba ne. Mutanen Burton tsere suka sani, wa ya riga wa sauka. Mutanen Sims kuma daga titi da bakin teku suka fito, su burinsu wa ya fi iya tashi sama da salo. Ka riƙe wannan, don duk abin da zai biyo baya ɗan wannan saɓanin ne.

Su kuwa masu filayen siki ƙememe suka hana su hawa. Ka san siki a lokacin wasan masu hannu da shuni ne, mutum ya zo da iyalinsa da kaya masu tsada, sai ga wasu samari da gashi kala-kala da manyan riguna suna zagi suna tsallake shinge. Aka ce suna kankare ƙanƙarar, aka ce ba sa ganin bayansu, aka ce inshora ba za ta biya ba. Don haka sai su saɓa allo a kafaɗa su hau dutse da ƙafa, wasu cikin dare. Filin Stratton a Vermont na cikin na farko da suka buɗe musu ƙofa a 1983, shi ma sai ka yi gwaji an ba ka shaidar ka iya tsayawa da juyawa, kamar lasin tuƙi. Abin da ya karya takunkumin ba tausayi ba ne, kuɗin tikiti ne, matasa sun fara gudun siki filaye na neman ciniki. Amma har yanzu akwai guda uku a Amurka da ba a shiga da sinobod: Alta da Deer Valley a Utah, da Mad River Glen a Vermont. An kai Alta kotu a 2014 kan hakan, masu ƙara suka sha ƙasa.

Gasar ƙasa ta farko a 1982 aka yi ta a wani ƙaramin fili mai suna Suicide Six a Vermont, teburin kicin aka kifa ya zama ƙofar farawa, ita ce daga baya ta zama US Open. A 1983 Sims ya shirya tasa a Soda Springs ya saka wani sabon abu, wato rabin bututu, kwari mai bango biyu kamar an tsaga bututu gida biyu an kwantar. Asalinsa ma wani kwazazzabo ne da yara suka gano a bayan bolar garin Tahoe City suna gyara shi da shebur. 'Yan Burton har barazanar ƙaurace wa gasar suka yi wai wannan ba sinobod ba ne. Yau kuma shi ne abin da duniya ta fi kallo, bangon ya kai ƙafa 22, kusan mita 7, inji ne ke yanke shi sumul, ɗan wasa kuma ya ƙara tashi wasu mita biyar ko shida sama da bakin bangon. Lissafa da kanka, bene mai hawa uku zuwa huɗu kenan, ƙasa kuma ba laushi ne da ita ba, tauri gare ta kamar siminti.

Akwai mutum ɗaya da in ba ka san shi ba ba za ka gane zuciyar 'yan wasan nan ba, Craig Kelly. Sau huɗu yana zama zakaran duniya a ƙarshen shekarun 1980, har Sims da Burton suka je kotu a kansa da ya sauya sheƙa daga kamfanin Sims zuwa na Burton, ya yi wani lokaci yana hawa baƙin allo marar tambari. Yana kan ganiyarsa ya ce ya gaji da gasa, ya koma cikin duwatsu inda ba alƙali ba 'yan kallo sai mai kyamara. A wani wasan da an ce ya tsorata, a nan kuwa ƙimarsa ce ta ƙaru. Dusar ƙanƙara ce ta zaftaro ta binne shi da wasu mutum shida kusa da Revelstoke a Kanada cikin Janairun 2003. A dutsen da ya taso, Mount Baker, akwai wani tsere da ake yi tun 1985, a rumfar farawa an rubuta wai ka yi addu'arka, kofin da ake ba zakara kuma naɗin salatif ne aka fesa wa fenti, kuma wallahi akwai manyan 'yan wasan da wannan salatif ɗin ya fi musu wasu kofunan daraja.

Yanzu ga inda aka yi ta. 'Yan wasan sun kafa hukumarsu ta duniya da kansu a 1990, ISF, suna shirya gasanninsu. Da kwamitin Olamfik ya ga matasa sun raja'a kan abin ya ce zai saka shi a gasar Nagano ta Japan a 1998, amma maimakon ya ba ISF sai ya damƙa wa FIS, hukumar 'yan siki. Wato mutanen da jiya suke korarka daga fili yau su ne za su zaɓi wanda zai wakilci ƙasa, su kafa doka, su karɓi kuɗin talabijin. Kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Kwatanta da dambe a ce wasu da ba su taɓa ɗaura zare a hannu ba, waɗanda da suke cewa wasan mahauta ne, rana ɗaya a ce su ne shugabanni, su za su faɗi wanda ya yi kisa. A lokacin babu wanda ya kai Terje Håkonsen ɗan ƙasar Norwe a rabin bututu, kowa ya san zinaren nasa ne in ya je, ya ce ba za shi ba, har ya kwatanta kwamitin Olamfik da 'yan mafiya. Bai taɓa zuwa ba har ya tsufa. Ya kafa tasa gasar, Arctic Challenge, inda a 2007 ya tashi mita 9.8 sama da bakin bango. ISF kuwa ta durƙushe a 2002, kuɗi da 'yan wasa duk sun bi hanyar Olamfik. Sai a 2022 FIS ta ga dama ta saka kalmar sinobod a cikin sunanta. Ni a ganina Terje yana da gaskiya a kan wa ya kamata ya riƙe wasan, amma kuma da ba don Olamfik ba da ni da kai ba mu zauna muna wannan hirar ba.

Nagano ɗin ma ana wata ga wata. Zinaren farko a tarihin wasan Ross Rebagliati ɗan Kanada ne ya ci a tsere, kwana kaɗan aka ce an sami alamar wiwi a fitsarinsa aka ƙwace. Ya ce hayaƙin abokai ne ya shaƙa a wajen walima, ya ɗaukaka ƙara, kotun wasanni ta duba ta ga ashe wiwi ma ba ta cikin jerin abin da kwamitin ya haramta a hukumance, aka mayar masa da kayansa, daga baya aka yi maza aka saka ta. Manya suka ce kun gani ko, dama mun faɗa. Shi kuwa gogan bayan shekaru kasuwancin wiwin ya buɗe a Kanada.

Batun maki. Farko ka raba wasan gida biyu kamar yadda Burton da Sims suka raba shi. Akwai na tsere, nan ba ruwan alƙali da salonka. Ɗaya mutum biyu ne gefe da gefe suna kewaya tutoci, a irinsa ne Ester Ledecká 'yar ƙasar Cek ta ci zinare a 2018, mako guda bayan ta ci wani zinaren a siki da ratar kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa, ita kanta tsayawa ta yi tana kallon allon sakamako ta ɗauka kuskure ne. Ɗayan kuma kuros, an saka shi a 2006, a saki mutum huɗu lokaci guda a hanya mai kwana da tudu ana gogayya kamar 'yan acaɓa sun hango fasinja. Sai gida na biyu na alƙalai: rabin bututu, da silof-sitayil da ya shigo a 2014 inda ake bin ƙarafa da tudun tsalle a jere, da babban tsalle guda ɗaya da ya shigo a 2018. A rabin bututu alƙalai shida ne, kowa ya ba da maki cikin 100, a jefar da mafi yawa da mafi ƙanƙanta a raba sauran, ana sauka sau uku a wasan ƙarshe a ɗauki wadda ta fi. Suna duba tsayin tashi, wahalar abin da ka yi, tsaftar yinsa da yadda ka dira, ko kana sauya salo ko abu ɗaya kake maimaitawa, da ko ka kawo sabon abu. Lambobin da kake ji mai sharhi na kira digiri ne na juyi, 360 juyi ɗaya, 1080 uku, 1440 huɗu, in ka ji dabul kok ko tiriful kok yana nufin cikin juyin kansa ya yi ƙasa sau biyu ko uku. In kuma ya taho da ƙafar da ba tasa ba a gaba, kamar na-dama ya yi rubutu da hagu, makin ya fi.

Amma abin da baƙo ba ya lura da shi shine hannu. Duk tsalle sai ka kama allon da hannu a sama, kuma inda ka kama da tsawon lokacin da ka riƙe shi ne ke raba gwani da ɗan koyo. Kowane kamu da sunansa, yawanci daga 'yan siketbod aka gada, wasu sunayen ma na shaƙiyanci ne irin su gasasshen nama da salak ɗin kaza. Sarkinsu shine metod: ka kama gefen dunduniya, ka lanƙwasa baya, ka tura ƙafar baya har cikin allon ya kalli 'yan kallo. Ba juyi ko ɗaya a ciki, amma tsofaffin hannu da shi suke auna mutum. A gasar yaran da nake tsayawa na sha ganin yaro ya yi juyi biyu ya ɗan taɓa allo kamar mai taɓa tukunya da zafi, a yi shiru, wani ya zo ya yi metod ɗaya mai kyau ya riƙe har ƙasa, sai ka ji ana buga alluna a ƙanƙara ana ihu.

Wannan metod ɗin ne ya ja wa Lindsey Jacobellis abin da ya bi ta shekara 16. Wasan ƙarshe na kuros a Turin 2006, ta ba kowa rata mai nisa, saura tsalle biyu ta gama, ba wanda ya tambaye ta, tsere ne ba maki, sai ta kai hannu ta yi metod don nishaɗi, ta dira ba daidai ba ta faɗi, Tanja Frieden ta Suwizalan ta wuce ta ɗauke zinare. 'Yan jaridar Amurka suka yi mata ca, garin neman gira ta rasa ido. 'Yan wasan da yawa kuwa cewa suka yi ai sinobod kenan. Ta je 2010, 2014, 2018 ba ko tagulla, sai a Beijin 2022 tana da shekara 36 ta ci zinare, ta ƙara na biyu a na haɗaka tare da Nick Baumgartner mai shekara 40, kuma a tsallen ƙarshe na wannan ɗin sai da ta sake kai hannu ta kama allon.

Wanda ya mayar da wasan harkar miliyoyi kuwa Shaun White ne, mai jan gashin nan da ake ce wa tumatir mai tashi. An yi masa aikin zuciya yana jariri, kamfanin Burton ya ɗauke shi yana ɗan shekara 7, ya ci zinare a 2006 da 2010 da 2018. Kafin 2010 Red Bull ta gina masa rabin bututu nasa shi kaɗai a duwatsun Colorado da rami cike da soso don ya koyi sabuwar alkafura ba tare da ya karye ba, kuma a ɓoye. Nan ne wasu suka fara ƙunƙuni, don al'adar wasan ita ce a yi atisaye tare a koya wa juna, shi kuma ya zo da halin cin gasa zalla. Ana girmama shi, amma ba kowa ke ƙaunarsa ba a cikin gida. Kuma tseren juyin da ya kunno yana da farashi: babban abokin hamayyarsa Kevin Pearce ranar 31 ga Disamba 2009 yana gwada dabul kok ya buga kai a bakin bango, ya sami rauni a ƙwaƙwalwa, ya rayu amma gasa ta ƙare masa. White kansa a 2017 ɗinki 62 aka yi masa a fuska, wata huɗu bayan nan ya ci zinare da 97.75.

In kana son ganin yadda alƙalancin ke rikicewa koma ka kalli Beijin 2022. Ayumu Hirano na Japan, wanda ya ci azurfa a 2014 yana ɗan shekara 15 ya sake ci a 2018, ya yi tiriful kok ya kammala saukarsa lafiya, abin da ba a taɓa yi ba a gasar, aka ba shi 91.75 ƙasa da 92.50 na Scotty James ɗan Ostireliya. Fili ya ɗauki ihu. Yaron nan bai ce uffan ba, ya hau ya maimaita saukar ya ƙara mata tsafta, aka ba shi 96. A silof-sitayil kuma Max Parrot na Kanada, wanda bai daɗe da warkewa daga kansar jini ba, ya ci zinare, sai bidiyo ya nuna a tsalle ɗaya gwiwarsa ya kama ba allo ba, alƙalai ba su gani ba, daga baya babbansu ya amsa hakan, Su Yiming ɗan Caina mai shekara 17 ya tashi da azurfa, ya je ya ci zinaren babban tsalle. Ba zan zagi alƙalan ba don na tsaya kusa da rumfarsu a ƙananan gasa na ga yadda abin yake, mutum na juyi huɗu cikin daƙiƙa biyu kana kallo a ƙaramin allo ana jiran makinka. Matsalar ita ce juyin ya yi yawan da ido ba ya iya bi, har wasu na cewa an mayar da wasan na 'yan alkafura. Shi ya sa ake ta ɓullo da wasu gasannin, irin Natural Selection da ɗan wasa Travis Rice ya fara a 2008 ya farfaɗo da ita a 2021 a kan dutse na Allah da bishiyoyinsa, da gasar tsallen shaƙiyanci ta X Games, babban taron wasannin kasada na Amurka, wadda Zeb Powell ya ci a 2020, baƙar fata na farko da ya ci zinaren sinobod a can.

Rungumar da ka gani kuma ba ta kyamara ba ce. Mutanen nan ba su da yawa, tun suna yara tare suke yawo daga dutse zuwa dutse, ɗaki ɗaya mota ɗaya, kowa ya taɓa raka wani asibiti. In ɗaya ya dira abin da zai iya karya masa wuya, na farkon da ya san nauyin abin shine abokin karawarsa. Da Zoi Sadowski-Synnott ta ci wa Niyu Zilan zinarenta na farko a tarihin Olamfik na sanyi a 2022, ta biyu da ta uku ne suka rugo suka danne ta a ƙasa don murna. Sannan akwai ragowar tsohon halin nan na mu-ya-mu, mu da aka kora tare. Manyan kaya ma daga nan ne, gadon titi da siketbod. A 2010 Kazuhiro Kokubo ya tafi Vancouver da kwat ɗin tawagar Japan, wando a zazzage, riga a waje, nakatayal a sake, ƙasar ta ɗauki zafi har aka hana shi bikin buɗe gasa. Red Gerard kuwa ranar wasan ƙarshe a 2018 makara ya yi, ya nemi rigar sanyinsa ya rasa ya ari ta abokin ɗakinsa, ya je ya ci zinare yana ɗan 17. Chloe Kim ita ma 17, tsakanin sauka da sauka tana Twitter tana ƙorafin yunwa, ta ci, ta sake ci a 2022.

Yanzu ƙarfin ya karkata Asiya, musamman Japan, inda yara ke atisaye duk shekara suna dira kan katuwar katifar iska, ko da rani. Wanda kuma ya ce maka wasan talakawa ne don ya ga suna shigar 'yan tasha ya yaudare ka, allo da takalmi da tikitin hawa da tafiye-tafiye sai gidan da ke da hali ko yaron da kamfani ya ɗauka da wuri. A nahiyarmu inda za ka taka dusar ƙanƙara da allo akwai Oukaïmeden a Maroko kusa da Marrakesh, da Afriski a Lesoto wanda lokacinsa Yuni zuwa Agusta ne, a Namibiya kuma kan tudun yashi ake yi da irin allon. In Allah ya kai ka ɗaya daga ciki ka karɓi hular kwano, ka nemi abin kare wuyan hannu don shi ne ke fara karyewa a wajen sabon shiga, in za ka faɗi ka dunƙule hannu kar ka tare ƙasa da tafi, kuma ka biya mai koyarwa na kwana biyun farko.